Fim ɗin kaboyin da masu tacewa suka yi wa talla kyauta

A watan Fabrairun 1943 aka fara nuna fim ɗin kaboyi mai suna The Outlaw a birnin San Francisco na Amurka, kusan shekara biyu bayan kammala shi. Attajiri Howard Hughes ne ya zuba kuɗi, shi ne kuma ya ba da umarni. Labarin ɗan bindiga Billy the Kid ne, amma ba harbe-harbe suka jawo masa tsaiko ba. Ofishin tace fina-finai na Hollywood, ƙarƙashin Joseph Breen, ya ce an cika nuna ƙirjin jarumar fim ɗin, Jane Russell, wadda take da shekara 19 lokacin da aka ɗauke ta aikin.

Hughes ya yanke ɗan abin da aka nema, sannan ya mayar da rigimar jari. Ya cika allunan talla da hotunan yarinyar kishingiɗe kan ciyawa. A 1946 ƙungiyar kamfanonin fim ta janye hatimin amincewarta saboda waɗannan tallace-tallace. Hughes ya kai ƙara, bai yi nasara ba. Ƙungiyar Katolika ta Legion of Decency ma ta gargaɗi mabiyanta da su ƙaurace masa. Duk da haka, inda aka nuna shi sai dogon layi a ƙofar sinima.

Masu tacewar suna da hujja: Hughes da gangan ya yi ciniki da jikin mace. Sai dai garin neman gira sun rasa ido. Fim ɗin da masu sharhi da yawa suka ce ba shi da wani armashi, hani ne ya ɗaukaka shi, har yau ana ambatonsa.

Wadda ta ɗauki nauyin kuwa Jane Russell ce. Tana ɗaure da kwangilar Hughes, ta shafe shekaru ana ɗaukar hotunanta don talla, ba ta fito a wani fim ba sai 1946. Masu tacewa sun yi ta jayayya kan rigarta, babu wanda ya binciki kwangilarta.

A 1968 Hollywood ta ajiye tsohuwar dokar, ta koma ware fina-finai bisa shekarun mai kallo. Wannan ya fi: iyaye su san abin da ke ciki, manya su zaɓa da kansu. Duk hukumar da ke son kare mutuncin ƴar fim, ta fara duba takardar da aka sa ta sa wa hannu.