Salula ba likita ba ce

Kai mai karatu, yanzu idonka ya buɗe. Kana karanta sunanka a kati, kana karanta saƙo a salula. To, akwai wani abu da zai iya iske ka ta cikin salular nan, ko ta hannun ɗanka da ya dawo hutu daga lakwal a Ƙonni ko Tawa. Tambayoyi ne a jere, da Faransanci ko Ingilishi. Ana fassara maka, kana amsawa. Daga ƙarshe a ba ka maki, a ce: "Mai yiwuwa kana da otizim." Ina so mu yi maganar tun kafin ta tayar maka da hankali.

Mene ne otizim? Wata irin halitta ce ta ƙwaƙwalwa. Da ita ake haihuwar mutum, da ita yake tsufa. Ba a ɗaukarta wajen cin abinci ko gaisawa. A rediyo za ka ji wasu na cewa galahanga, amma wannan kalmar an ɗora mata kaya da yawa, har da waɗanda ba nata ba. Mai otizim yana shan wuya wajen hulɗa da jama'a. A yi masa habaici, ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. A yi zaurance ana dariya, shi bai ga abin dariya ba. Yana son komai ya tafi yadda ya saba: hanya ɗaya zuwa gona, wuri ɗaya a masallaci, ƙwarya ɗaya ta fura. Hayaniyar kasuwa ko ƙarar injin niƙa tana iya yi masa zafi kamar an soka masa ƙaya a kunne. Wani bai magana ko kaɗan, sai an kula da shi har iyakar ransa. Wani kuwa yana da mata da ƴaƴa, yana noman albasa, ya fi kowa sanin lissafin buhu.

Ka san irin wannan mutum. Kowane gari yana da shi, Tajaye ma haka. Sai dai sunayen da muke ba shi ba su da daɗi. Wawa. Dolo. Mai girman kai. Mai iskoki. In mace ce, abin ya fi muni. A kai ta ɗakin miji, ta kasa zama cikin facaloli da dangin miji, a ce ba ta da tarbiyya, a sako ta. A sake aurar da ita, a sake sako ta. Uwa ta sayar da akuya ta kai wa boka, a yi hayaƙi, a yi bori, abin na nan inda yake. Wannan shi ya sa nake ganin maganar ta shafe mu, ko da sunan baƙo ne.

A shekarar 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya rubuta labarin yara 11 masu wannan hali. Na farkonsu, Donald Triplett, ya girma ya yi aikin banki a garinsu, ya tuƙa mota, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Mutanen garinsu sun san halinsa, sun zauna da shi a haka. Akwai kuma wata mata, Temple Grandin, wadda ba ta yi magana ba sai da ta wuce shekara 3. Ta zama babbar malamar jami'a a kan sha'anin dabbobi. Ita ta lura cewa inuwa, ko ƙyallin ruwa a ƙasa, ko tsumma mai kaɗawa yana firgita shanu su ƙi shiga hanya. Makiyayi zai ce ai wannan ba labari ba ne. To, ita ta gina sana'a a kai, mahauta da yawa a Amurka suna aiki da tsarinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a lissafin 2021, cikin mutum 127 ɗaya yana da otizim. Ka riƙe wannan adadi, za mu yi aiki da shi.

Yanzu mu koma ga tambayoyin salula. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawo an tsara shi ne a jami'ar Kambirij ta Ingila, an fitar da shi a 2001. Tambaya 50 ce. Masu shi sun ce wanda ya ci 32 ko fiye, ya kamata a duba shi. Da suka gwada, cikin masu otizim 100, 80 sun kai wannan maki. Cikin sauran mutane 100, 2 sun kai shi.

Ɗauko allonka mu yi lissafi. A ce gari mai mutum 1000. Masu otizim za su kai 8. Gwajin zai nuna 6, ya tsallake 2. Cikin sauran 992 kuwa zai nuna wajen 20 waɗanda ba su da shi. Ka gani? An nuna mutum 26, amma 6 kaɗai ne na gaskiya. Kuma wannan in mutanen garin Turawan Ingila ne, masu karanta tambayar da harshensu. Su kansu masu gwajin sun faɗa cewa rariya ce ta farko, ba hukunci ba.

A wajenmu rariyar ta ƙara yagewa. Tambaya ɗaya tana son ta ji ko ka fi son ɗakin karatun littattafai a kan wurin shagali. Wata tana tambayar gidan wasan kwaikwayo da gidan ajiye kayan tarihi, wanne ka fi so. Wata kuma ko kana lura da lambar motoci. Don Allah, manomin da ke Tajaye mi zai ce? Sai ya yi ta canke. Wasu gwaje-gwajen suna tambayar ko kana kallon mutane cikin ido. To mu an hore mu da sunkuyar da kai gaban babba. Yaron da ya zuba wa ubansa ido, shi ne marar kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, amarya ba ta ɗaga murya gaban suruki. Baturen da bai san kunya irin tamu ba, sai ya rubuta rabin gari a littafinsa.

Sannan wanda ke fassara maka, ɗanka ne ko ƙanenka. Za ka faɗa masa cewa taron suna yana ba ka tsoro? Da wuya.

Duk da haka ban ce ka yi watsi da abin ba. In tambayoyin sun taɓa maka wani tsohon miki, in ka ji kamar da kai ake, wannan ji ɗin yana da daraja. Mutumin da ya yi shekara 40 ana ce masa wawa, ranar da ya ji cewa halinsa yana da suna, kuma akwai miliyoyin mutane irinsa, wani dutse ne ya sauka daga ƙirjinsa. Amma maki a salula ba zai iya ba ka wannan tabbaci ba.

Likitan da ya san aikin ba ya yanke magana a zama ɗaya da tambaya goma. Abin da ya fi nema shi ne ƙuruciyarka. Yaushe ka fara magana? Kana amsawa in an kira sunanka? Kana shiga langa da sa'o'inka, ko kana gefe kana jera duwatsu? Kai ba za ka tuna ba. Inna ce ta sani, ko gwaggo, ko yayarka da ta goye ka. Je ka zauna da su tun suna da rai. Ka ce: "Inna, yaya nike sa'ad da nike ƙarami?" Kada ka katse ta. Abin da ta faɗa, ka rubuta a littafinka na aji, ko da rubutun bai miƙe ba. Ga amfanin karatun manya tun ba a je ko'ina ba.

Dalilin wannan tambaya babba ne. Otizim tun yarinta yake. In mutum ya tashi lafiya lau yana wasa da dariya, sai bayan sanƙarau ya daina amsa kira, kunne za a fara dubawa. Ƙasarmu ta ga babbar annobar sanƙarau a 1995, ta sake gani a 2015, kuma kurumta na cikin abin da take bari. In bayan zazzaɓin cizon sauro mai suma ne hali ya sake, wannan wata magana ce. In yana faɗuwa yana kumfa, farfaɗiya ce, kuma tana da magani a likita. In babba ne ya janye daga mutane bayan mutuwa ko asara, ba ya barci, ba ya cin abinci, wannan baƙin ciki ne mai tsanani, shi ma ana maganinsa. Wanda ya tsaya ga makin salula zai iya zama da ciwon da ake warkarwa, yana kiransa da sunan da ba nasa ba.

Ina za a je? Fara da majo a likitar garinku. Shi zai duba abin da zai iya, ya rubuta maka takarda zuwa Illela, ko Ƙonni, ko babban asibitin Tawa. Asibitin Galmi ma yana kusa. Amma in faɗa maka gaskiya, likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ba su da yawa, kuma yawancinsu suna Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 400. A gefen Najeriya akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kusa da Sakkwato. Kuɗin mota, kuɗin masauki, kwanakin da za a bar gona, duk sai an auna.

Ga ra'ayina. In akwai faɗuwa, ko rashin barci, ko mutum yana ji wa kansa ciwo, ko yana maganar ya gaji da duniya, a tafi yau, kada a jira kaka. In kuwa yana zaune lafiya yana sana'arsa, sai dai halinsa daban, ban ga dalilin sayar da sa don a karɓo takarda ba. Otizim ba shi da ƙwaya ko allurar da ke cire shi. Duk wanda ya ce maka yana da ita, a kasuwa yake ko a salula, kuɗinka yake so. Kuma kada wani ya ce maka allurar rigakafi ce ke kawo shi. Wani likitan Ingila ya faɗi haka a 1998, aka bincika aka ga maganar ba ta da tushe, aka soke rubutunsa a 2010, aka hana shi aikin likita.

Abin da likitan Yamai zai gaya wa iyalin, mafi yawansa ana iya fara shi a gida. A yi masa magana kai tsaye, ban da habaici. In za a sake wani abu, a sanar da shi tun da wuri. Ranar biki, in ya tashi ya koma bayan gida, a ƙyale shi, ba raini ba ne. A ba shi aikin da ke son natsuwa: awo, ɗinki, kiwo, ban ruwan albasa, rubuta bashin kanti. In za a yi masa aure, ko a yi mata, a gaya wa ɗaya gidan halin da ake ciki kafin a kai goro. Yaran unguwa masu bin sa da jifa kuwa, iyayensu suna cikin ajin nan, wasu a kan tabarma ɗaya da kai.