Manomin Rasha da gonarsa

A shekara ta 1861 sarkin Rasha, Alekzanda na Biyu, ya ƴanta bayin gona, amma gonakin sai da suka saye su bashi, suna biya har 1907. Lenin ya karɓi mulki a 1917 da alkawarin raba wa manoma ƙasa. Daga 1929 kuwa Stalin ya tara su dole cikin gonakin haɗin gwiwa, watau kolkoz, gwamnati tana kwashe hatsi. Yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyin mutane. A 1972 Tarayyar Sobiyet ta sayo alkama daga Amurka.

Yau da noma ya fita daga hannun gwamnati, babu ƙasar da ta kai Rasha sayar da alkama waje. Jama'a, manomin da ake ƙwace wa amfanin gona ba ya cika rumbu.