Ruwan da Ya Sauka a Gonarka, Wa Ya Auna Shi?

A wannan wata za mu ajiye maganar jarrabawa, mu ɗaga kai mu dubi sama.

A daminar 2023 wani dattijo maƙwabcina a Zongon Parakou ya yi asarar irin masara. Gonarsa tana kan hanyar Djougou, tafiyar kilomita 30. Aka tafka ruwa a cikin gari har kwatoci suka cika, sai ya aika wa mai tsaron gonar cewa a shuka. Ashe can yayyafi kawai aka yi. Iri ya tsiro, rana ta ƙone shi. Da ya zo mini da labarin sai ya ce, "Malam, kai da kake koya wa yara lissafi, babu dabarar da mutum zai san abin da ya sauka a gonarsa yana zaune a shago?" Na ce, "Baba, a ba ni lokaci."

Laifin ba na masu hasashen yanayi ba ne. Manyan tashoshin da ƙasarmu ta daɗe tana dogaro da su guda 6 ne: Kwatano, Bohicon, Savè, Parakou, Natitingou da Kandi. Ruwan farkon damina kuwa tsalle-tsalle yake yi, ya jiƙa wannan ƙauye ya bar na kusa da shi. Don haka ne tun 1997 masu bincike na Benin da Faransa suka baza ma'aunan ruwa a yankin da kogin Ouémé ya faro, aikin da aka sani da AMMA-CATCH. Mutanen Djougou za su tuna 2006, shekarar da baƙi suka zo da na'urori don nazarin damina. Akwai kuma ƙungiyar TAHMO, wadda malaman jami'a biyu, Nick van de Giesen na Holan da John Selker na Amurka, suka jagoranci kafawa. Burinta tasha 20,000 a Afirka, ɗaya a kowace tazarar kilomita 30, masu aiki da hasken rana, kuma da yawa a makarantu take kafa su. Da na karanta haka sai na ce, abin da aka amince wa 'yan makaranta a wata ƙasa, yaran Zongo ma ba za su gaza ba.

Ga abin da muka harhaɗa ni da ɗalibaina. Faifan sola mai wat 20, da batir mai bolt 12, da 'yar na'urar da ke tsakaninsu don kada caji ya wuce kima. Sai ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, wadda ba ta fi tafin hannu ba, da layin waya a jikinta. Ma'aunin ruwan mazurari ne, ƙarƙashinsa akwai wani ɗan cokali mai baki biyu. Idan gefe ɗaya ya cika sai ya tuntsure, kwamfuta ta ƙidaya ɗaya. Kowace tuntsurawa milimita 0.2 ce. Milimita ɗaya kuwa tana nufin lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Ma'aunin zafi muka sa shi cikin farin akwati mai kafofin iska, mita ɗaya da rabi daga ƙasa, don zafin iska muke nema, ba na rana ba. A ƙarshe muka ɗaura 'yar kyamara, irin wadda ake maƙala wa kwamfuta, tana ɗauko sama da kunya sau uku a yini, ta turo hoton zuwa wayata.

Muka kafa sandar nesa da itatuwa, aƙalla ninki biyu na tsawon itacen da ya fi kusa, faifan yana fuskantar kudu. Muka dawo gida ina ta hura hanci, ina cewa mun yi abin da ba ya bukatar kowa.

Hunturu ne ya fara karya mini alƙawari. A watan Janairu saƙo ya ɗauke. Da muka je sai muka tarar ƙura ta lulluɓe faifan kamar an barbaɗa masa gari, batir ya mutu. Tsumma da ruwa kofi ɗaya suka warware matsalar, amma sai da muka ƙona man babur na kilomita 60. Na biyu ya fi ba ni kunya. Wata safiya a watan Afrilu ma'auni ya ce ko ɗigo bai sauka ba, hoto kuwa ya nuna ƙasa jagab. Ashe zanzaro ne ya yi gini a bakin mazurari. Ba don kyamarar da na ɗauka abin ado ce ba, da na kai wa dattijo labarin ƙarya da bakina.

Daga nan na gane cewa rana za ta ba tasha wuta, amma ba za ta goge faifai ba. Sai muka nemi ɗan mai tsaron gonar, yaro ɗan aji biyar, muka koya masa aiki. Kowace Juma'a ya goge faifai ya duba mazurari. Muka kuma ba shi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula da littafi. Duk safiyar da aka yi ruwa ya auna zurfinsa, ya rubuta, ya zubar. Idan lissafinsa da na kwamfuta suka saɓa, mun san akwai abin dubawa.

Masana aikin gona a Nijar suna da ƙa'ida a kan gero: damina ba ta kama ba sai an sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, ba tare da fari na fiye da kwana 7 ya biyo baya a wannan wata ba. Rabin ƙa'idar na biyu Allah kaɗai ya san shi kafin ya zo, amma rabin farko ana iya aunawa. A watan Mayun 2025 aka sake tafka ruwa a Parakou, gona ta nuna milimita 6. Dattijo ya daure. Bayan kwana tara ta nuna 24, ya ce a shuka. Iri bai ƙone ba.

'Yan uwa, kakanninmu fatake da suka bi ta Djougou zuwa Gwanja ba su taɓa sayen goro ba tare da ƙirga ba. Mu jikokinsu muna rubuta bashin dala, amma ruwan da abincinmu ya rataya a kansa mun bar shi ga "an ce". Ba kowa ke da kuɗin sola da kyamara ba, na sani. Gwangwani da rula da littafi kuwa babu makarantar da ta rasa su, ta boko ko ta allo. Ina roƙon 'yan uwana malamai, kowa ya kafa ɗaya a filin makarantarsa kafin ruwan fari, ya ɗora yara biyu a kai. In shekara ta zagayo mu haɗa littattafan Parakou da na Djougou mu ga abin da za su gaya mana.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa, in muna da rai.