Wasiƙa daga Manchester: Maganar katin da Auta yake so in kawo masa

Mu nan lafiya lau, sai dai sanyi da yayyafin da ba ya ƙarewa, wanda duk mazaunin garin nan ya riga ya yi sulhu da shi. Ku yi mini afuwa kan shirun da na yi, aiki ne ya sha kaina.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne saƙon da Autan gidanmu ya aiko mini. Kamar yadda mafi yawanku kuka sani, yaron nan ba shi da wani buri da ya wuce shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, kuma kafin Allah Ya kawo lokacin, dare da rana yana kan kwamfuta yana tuƙa jirgin da ba ya barin ɗaki. Ƙorafinsa shi ne hoton yana kakkatsewa, musamman idan ya zo sauka, don haka yana so in kawo masa sabon katin hoto idan zan zo gida, har ma ya ce zai sayar da babur ɗinsa ya cika kuɗin. Yaya Babba kuma ya kira ni yana faɗa, wai ni ne na koya wa yaro wannan shiririta. Na amsa laifina. To amma tunda magana ta kai ga sayar da babur, na ga gara in ba da amsa a gaban kowa. Ra'ayina shi ne kada a sayi katin nan tukuna, domin akwai yiwuwar ba shi ne mai laifin ba.

Bari in fara da abin da kowa ya sani. Ku tuna shagon tela ana saura kwana goma Sallah. Akwai maigidan shago da yake auna mutum ya yanka yadi, akwai kuma yaran da suke kan keke suna ɗinkawa. Idan maigida ba ya iya yanka fiye da riga talatin a yini, ko ka sayo sababbin kekuna masu aiki da lantarki ka zuba a shagon, riga talatin ɗin nan ce za ta fita. Yaran za su gama nasu su zauna suna hamma suna jiransa. To haka kwamfuta take. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ita ce mai yanka: ita ke lissafin inda jirgi yake, yadda iska ke bugunsa, abin da kowane agogo na gaban matuƙi zai nuna, sauran jiragen da ke yawo a filin, da gine-ginen da ya kamata a gani. Sai ta gama wannan ta miƙa wa katin hoto, shi kuma ya zana. Don a samu hoto 30 a cikin daƙiƙa ɗaya, dole kowane hoto ya kammala a cikin kashi 33 cikin 1,000 na daƙiƙa. Idan furosesa ita kaɗai tana cinye kashi 40, to hoto 25 za ka gani, ko da katin da ya fi kowanne tsada a duniya ka saka.

A yawancin wasannin kwamfuta, irin na tseren mota da harbe-harbe, katin ne ke shan wahala, shi ya sa samari suka haddace cewa sabon kati shi ne magani. Manhajar tuƙin jirgi kuwa halinta daban, kuma tsohon hali ne. Waɗanda suka yi zamani da Flight Simulator X, wanda kamfanin Microsoft ya fitar a 2006, za su tuna yadda ya durƙusar da manyan kwamfutocin lokacin. Kusan dukkan nauyin aikinsa a kan ma'aikaci ɗaya na cikin furosesa yake, sai a 2007 aka fitar da gyaran da ya ɗan rarraba wa sauran ma'aikatan aiki. Mutane da yawa sun sayi kati a wancan zamani suka tashi a tutar babu. Ko da sabon ya fito a watan Agustan 2020, wanda kamfanin Asobo na birnin Bordeaux a Faransa ya gina, an sake cin karo da wannan matsala, duk da cewa gyaran da suka yi a Yulin 2021 ya rage ta sosai.

Ba labari aka ba ni ba, ni ma na faɗa ramin. Shekarun baya na tara kuɗin aikin ƙarin lokaci na wata da watanni, na sayi kati mai tsadar da har yau ban faɗa wa maman yara ainihin kuɗinsa ba, sai dai in ta karanta wannan wasiƙa ta matsa mini. Na dawo gida ina rawar jiki, na kwance kwamfuta na saka, na ɗora jirgina a filin Heathrow na Landan. Da tsohon katin ina samun hoto 26 ko 27 a daƙiƙa. Da sabon na samu 28. Wallahi na daɗe ina kallon lambar nan kamar wanda aka yi wa sata. Mai shagon bai cuce ni ba, abin da na tambaya shi ya ba ni, kuma katin lafiyarsa ƙalau. Ni ne na je kasuwa ban san ciwon da nake nema wa magani ba.

Abin da ya buɗe mini ido, sai na bar Heathrow na koma filin jirgin Malam Aminu Kano. Dama can ne wurin hirata idan kewar gida ta taso: in tashi, in zaga ta saman Dala da Goron Dutse, in miƙa kudu har Zariya, in juyo. A can sai na ga lambar ta haura 50, hoto sumul. Kwamfuta ɗaya, kati ɗaya, jirgi ɗaya. Bambancin kawai, a Heathrow akwai tarin jirage da motocin filin da gine-gine da furosesa za ta yi ta lissafi a kansu, a sararin Kano kuwa aikin mai yanka kaɗan ne, don haka masu ɗinki suka samu damar nuna ƙarfinsu. Daga baya da na canza furosesar zuwa Ryzen 7 5800X3D, wadda kamfanin AMD ya fitar a Afrilun 2022 da ma'ajiyar kusa mai girman megabayit 96, a nan ne Heathrow ya daidaita, kuma kuɗinta bai kai na katin ba.

Saboda haka Auta, kafin ka kai babur kasuwa, ga aikin da nake so ka yi, ba zai ci maka ko sisi ba. A cikin saitin manhajar akwai wurin kunna yanayin masu gina manhaja, daga nan za ka iya fito da ɗan akwatin da ke ƙirga hotuna a kusurwar allo. Akwatin nan ba ya ɓoye-ɓoye. Zai rubuta maka Limited by MainThread idan furosesa ce ke riƙe da aiki, ko Limited by GPU idan katin ne. Kada ka duba shi a sararin sama inda komai ke tafiya daidai, ka duba shi a daidai wurin da hoton yake kakkatse maka, wato lokacin sauka a babban fili. Gwaji na biyu ma ya fi sauƙi: ka rage yawan ɗigon hoton allo zuwa ƙasa sosai. Idan lambar ta yi tsalle, katin ne ya gaza. Idan ta tsaya inda take, to ka rage wa masu ɗinki aiki amma riguna ba su ƙaru ba, ka san inda matsalar take. Sai ka mayar da shi yadda yake, ka rage nisan da manhajar ke zana ƙasa dalla-dalla, ka rage yawan sauran jirage da motoci, ka sake dubawa. Waɗannan su ne ke cin furosesa.

Kada a ce na yi wa kati rashin adalci, akwai inda shi ne maganin. Allo irin na Auta mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, ɗigo miliyan 2 da 'yan kai ne. Babban allon da ake kira 4K kuwa ɗigo miliyan 8 ne da kusan dubu 300, ninki huɗu ke nan, kuma duk wannan ƙarin a wuyan katin yake. Mai irin wannan allo, ko mai jera allo uku, ko mai sa tabaran nan da ke rufe ido ya ga kansa a cikin jirgi, shi kam kati mai ƙarfi ya zame masa dole. Haka wanda ma'ajiyar katinsa ta yi ƙanƙanta, domin idan ta cika, hoton zai riƙa tsayawa cak yana ci gaba ko da furosesa ba ta gaji ba. Gizagizai masu kauri da inuwa da hasken dare su ma aikin kati ne. Akwai kuma wata dabara da kamfanin Nvidia ya kawo a 2022 tare da katunansa jerin RTX 40, inda katin yake ƙirƙiro hoto na tsakiya ya cusa tsakanin hotuna biyu na gaske ba tare da ya jira furosesa ba. Wannan kam yana sa ido ya ga tafiya sumul ko a inda furosesa ta gaza, na gwada a wurin wani abokina na gani. Sai dai jirgin ba ya amsa hannunka da sauri fiye da da, kuma idan furosesa ta yi tuntuɓe za ka ji shi.

To amma duk wannan lissafin mutanen nan ne, inda wuta ba ta ɗaukewa. A gida akwai abin da ya fi shi. Tsohon kati irin GTX 1060 na 2016 wat 120 yake ci, RTX 4070 na 2023 yana cin 200, babbansu RTX 4090 kuwa 450. Auta da batirin sola yake kunna kwamfutarsa idan an ɗauke wuta, batirin da Hajiya ma take jira ya juya mata fanka. Sabon kati yana iya tilasta canza akwatin wutar cikin kwamfutar, sannan ga zafin watan Afrilu, wanda idan ya yi yawa katin da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Ga kuma intanet. Fitowar Nuwamban 2024 ta dogara ne kacokan kan jawo ƙasa da gine-gine daga intanet a lokacin da kake tafiya, mafi ƙarancin abin da kamfanin ya nema shi ne megabit 10 a daƙiƙa da ram mai gigabayit 16, abin da ya ba da shawara kuwa megabit 50 da gigabayit 32. Idan layin ya yi rauni, ƙasa za ta fito kamar kunun da aka dama da ruwa da yawa, kuma babu katin da zai gyara wannan. Auta ya gaya mini ram ɗinsa gigabayit 8 ne, wato daidai mafi ƙarancin abin da fitowar 2020 ta nema. Ni a nan na fi zargi, kuma ƙara shi zuwa 16 bai kai kuɗin tayoyin babur da gyaran inji ba, balle babur ɗin gaba ɗaya.

Wata maganar kuma, wadda ita ce ta fi damuna. Auta, kai fa ba kallon gari ka zo yi ba, tuƙi kake son koya. Jirgin sama ba wasan harbi ba ne da ake neman hoto 100 a daƙiƙa, hoto 30 da bai yi sama da ƙasa ba ya ishi mai koyo ya sauka lafiya. Abin da zai amfane ka a Zariya shi ne sanin agogunan nan shida na gaban matuƙi, riƙe tsayi da alkibla ba tare da kai-komo ba, bin jerin abubuwan dubawa kafin tashi, da fahimtar maganar hasumiya. Duk waɗannan ƙaramin Cessna 172 zai koya maka su, kuma shi ba ya wahalar da kwamfuta kamar manyan jiragen fasinja da kake nacin ɗauka. Har yanzu kuma da allon rubutu kake juya jirgi, abin da babu matuƙin da yake yi. A ganina sandar tuƙi ta hannu da matakan ƙafa sun fi maka kati amfani nesa ba kusa ba. Idan intanet ya ci gaba da ba ka wahala, X-Plane 11 yana zaune ne a cikin kwamfuta, ba ya buƙatar layi kafin ya zana ƙasa.

Ga yadda za mu yi. Ka ɗauki hoton akwatin nan sau biyu, ɗaya kana kan titin tashi a Heathrow, ɗaya kana saman Kano, ka turo mini tare da sunan furosesarka da na babban allon da take zaune a kai, don in san abin da zai shiga ciki. Idan ya nuna katin ne, na yi alkawari a gaban 'yan uwa zan zare wanda ke cikin kwamfutata in kawo maka, tunda ni dai na riga na biya kuɗin wautata. Idan ya nuna furosesa ce, sai mu fara da ram da sandar tuƙi, waɗannan ni zan saya. Babur kuma ya zauna inda yake, da shi kake kai Hajiya asibiti. Yaya Babba, a sassauta wa yaro, a bar ni da shi.

A gaishe mini da Hajiya da kyau, a ce mata man zafin da ta ce in nemo na samu. Yara suna gaida kowa.

Wassalam,
Naku a Manchester.