Shafaffen Tafin Ƙafa: Atisaye Ya Fi Takalmin Gyara

Kusan kowane jariri yana zuwa duniya da shafaffen tafin ƙafa, domin kwarin da ke tsakanin dunduniya da yatsu ba ya gama fitowa sai tsakanin shekara 6 zuwa 10, amma akwai yaran da ke balaga ba tare da ya fito ba. A Najeriya iyaye kan damu da wannan ne musamman saboda shafaffen tafi yana cikin abubuwan da kan hana matashi shiga aikin ɗan sanda, kuma damuwar kan kai su ga sayen takalman gyara masu tsada.

Likitocin ƙashi sun kasa matsalar gida biyu. Akwai mai laushi, wanda kwarin ke bayyana idan matashi ya yi ɗage a kan yatsunsa, kuma shi ne ya fi yawa. Akwai kuma mai tauri, wanda kwarin ba ya fitowa ko an yi ɗage, sau da yawa saboda wasu ƙasusuwan bayan ƙafa sun manne da juna. Wannan na biyun atisaye ba ya gyara shi, sai an yi hoto a asibiti irin na ƙashi da ke Dala a Kano.

Binciken da Wenger da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1989 ya nuna takalmin gyara ba ya sauya ƙirar ƙafar yaro, haka nan na Rao da Joseph kan yara 2,300 a Indiya a 1992 ya gano shafewar ta fi yawa ga masu sa takalmi. Ashe aikin tsoka yana cikin abubuwan da ke riƙe kwarin.

Saboda haka matashi mai nau'in laushi da ƙafarsa ke ciwo ko saurin gajiya ya fi buƙatar atisaye uku: miƙar da agara, wato jijiyar da ta haɗa sharaɓa da dunduniya, ta hanyar dafa bango na daƙiƙa 30, ɗaga dunduniya a sauke a hankali, da janyo tushen babban yatsa zuwa dunduniya ba tare da naɗe yatsu ba. Ba lallai sawun ya sauya kama ba, amma ciwo kan ragu idan aka dage na makonni.

Wajibi ne iyaye su fara kai yaro a tantance nau'in da yake da shi kafin su kashe ko kwabo, kuma ƙafar da ba ta ciwo, tana ɗaukar mai ita filin ƙwallo, ba ta buƙatar magani.