Zauren Anti: Ranar Da Malam Ya Goya Ni A Keke Zuwa Wurno

  

Cikin wasiƙun da suka zo mini a wannan wata akwai ta wata ƙanwarmu daga unguwar Mabera a nan Sakkwato. Ta roƙi in sakaya sunanta, na kuwa sakaya. Ta ce samari biyu ke nemanta. Ɗaya malamin firamare ne, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ya jingine babur ɗinsa ya koma keke, a kansa yake zuwa zance. Ɗayan kuwa da mota yake zuwa, in ya tsaya ƙofar gida har yara su kewaye ta. Zuciyarta tana wajen malamin, amma ƙawaye sun sa ta gaba da tsiya, wai "amaryar mai laulawa". Ta rufe da cewa, "Anti, don Allah wa zan tsayar?"

Ƙanwata, ba ni zan zaɓar miki miji ba, wannan tsakaninki ne da iyayenki da kuma istihara. Amma gyara zama ki sha labari, don ni ma amaryar mai laulawa ce.

A 1994 aka yi aurenmu da Malam, ina da shekara 19. Malamin makaranta ne, duk abin da ya mallaka na hawa shi ne baƙin kekensa Rali mai ƙararrawa. Kafin shi akwai wani Alhaji mai Fijo da ya neme ni, Allah bai yi ba. Ba mu daɗe da tarewa a Rijiyar Ɗorowa ba, cikin watan Yuli, sai ma'aikatan man fetur suka shiga yajin aiki saboda rikicin zaɓen 12 ga Yuni, yajin da ya kai har watan Satumba. Iyayenku za su tuna. Motoci suka yi layi a gidajen mai, wasu su kwana su wuni babu ko ɗigo.

Ana cikin haka wani ɗan garinsu ya kawo saƙo cewa Inna, mahaifiyar Malam, tana kwance jiki ya yi tsanani a ƙauyensu da ke hayin gulbi kusa da Wurno, kuma ta ce a zo mata da amarya ta gan ta. Malam ya wuni a tasha bai samu mota ba. Da magariba ya dawo ya ce, "Gobe da asuba za mu kama hanya. A keke."

Na ce, "Malam, keke fa ka ce? Har Wurno?"

Ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa."

Tafiyar ta haura kilomita 40. A daren ya shafa wa sarƙa mai, ya ɗaure birki, ya sa famfo da sholisho da guntun tsohon tub a jaka saboda faci. Ya ninka bargo ya ɗaura a kan kariya don kada ƙarfe ya ci ni. Ni kuwa na dama fura na cika gora, ina yi ina ƙunƙuni.

Ana sallame sallar asuba muka fita, don na rantse ba mai ganina a bayan keke cikin gari. Na zauna a karkace, na ja mayafi na rufe fuska. Ya ce in tattare bakin zanena kada ya shiga taya. Wadda duk ta taɓa hawa goyo ta san wannan ba wasa ba ne.

Da gari ya waye muka bar gidaje a baya, sai na sassauta mayafin. Wallahi ƙannena, a Sakkwato aka haife ni, amma sai ranar na ga ƙasarmu. Damina ta zauna, gero ya yi kore shar a dama da hagu, iska mai sanyi tana kaɗawa. Ga manoma da garma a kafaɗa, ga 'yan matan Fulani da ƙwaryar nono a ka, ga jakuna da kayan itace. Duk wanda muka wuce sai ya ɗaga hannu, "Sannunku da tafiya!" Malam ya kaɗa ƙararrawa ya amsa. A mota wa zai gaishe ki? Sai dai ƙura.

Amma daɗin bai daɗe ba. Kafin mu kai Achida rana ta buɗe, ƙugu ya riƙe, ƙafafuna suka yi sanyi. Can sai na ji fuuu, ƙaya ta huda tayar baya. Muka sauka gindin wata bagaruwa, Malam ya kwantar da keke ya zaro tub, ya yi faci. Ba mu yi nisa ba ta sake sacewa. A nan ne fa shaiɗan ya hau kaina. Na fashe da kuka na ce, "Da Alhaji na aura da yanzu ban ga wannan wulaƙanci ba!"

Magana zarar bunu ce. Tana fita na so in kamo ta, ina! Na jira tsawa, ko ya ce in koma gidanmu. Malam ya tsaya da sholisho a hannu, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ɗauko gorar fura, wadda ta rage kaɗan, ya miƙo mini ya ce, "Sha, yunwa ce ke damunki. Saura kaɗan mu isa." Shi tun safe bai sa komai a bakinsa ba. Na lura kuma da ƙafar wandonsa ta jiƙe da jini, ashe feda ta yanke shi tun a hanya bai faɗa ba.

Ban iya shan furar ba. Na karɓi famfo na ce ya kawo in buga, ya yi murmushi ya nuna mini yadda ake riƙewa. Daga nan duk inda aka zo hawa ko yashi, da kaina nake dira in taya shi turi.

Bayan Achida hadari ya taso, muka fake a wani gida na bakin hanya. Malam ya tsaya a zaure da maza, matan gida suka ja ni ciki. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, daga birni kuka hito bisa keke? Mi ya yi zahi?" Da na gaya mata sai ta ce, "Wanda ya yi wa uwa tai haka, ke ma zai yi miki." Suka ba ni fura mai sanyi da zanen canji, ko sunana ba su tambaya ba.

La'asar sakaliya muka iso bakin Gulbin Rima. Ruwa ya cika ya batse, fadama ta zama kamar teku, shinkafa ta leƙo da kai, balbelu fari fat a kanta. Wani Basarke ya ɗora kekenmu a jirginsa, muka zauna a tsakiya ina ƙanƙame da hannun Malam. Don ya ɗauke mini tsoro sai ya shiga yi mini darasi. Ya ce wani ɓangare na ruwan nan daga ƙasar Katsina ya taso, ya ratsa ta Maraɗi a Nijar ya dawo. Daga nan zai haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birni, ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi, ya faɗa Kwara, har ya dangana da teku a kudu. Ya ce, "Kin ga, ruwa ma a hankali yake tafiya, amma yana isa."

Mun tarar da Inna da sauran numfashi. Ta riƙe hannuna ta ɗora a kan na ɗanta, ta sa mana albarka. Kwana biyu bayan haka Allah ya karɓi abarsa. Da mun tsaya jiran mota, da ban taɓa samun wannan addu'a ba. Allah ya jiƙanta, amin.

Bayan addu'ar bakwai muka juyo, wannan karon ba gaggawa. Muka shiga Wurno muka ziyarci hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da garin ribaɗi ya zauna a cikinsa har ya rasu a 1837. A nan Malam ya ba ni labarin 'yar'uwarsa Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da 'Yan Taru, da jajinta masu malfa da ke jagorantar mata daga ƙauyuka su zo ɗaukar karatu su koma su koyar. Na ji kunyar kaina. Su a ƙasa suke takawa don ilimi, ni ana goye da ni ina kuka.

Tun daga lokacin muka mai da abin al'ada. In an yi hutu sai mu ɗauki fura da dabino mu nufi tafkin Kware, ko Wamakko, ko fadamar Dundaye lokacin rani mu ga lambunan albasa da tattasai. Mafi yawan shawarwarin gidanmu a kan kariyar nan aka yanke su.

Sai dai ku ji ni da kyau. Ban ce wata ta ce wa saurayinta ya goya ta ba, ni da mijina na tafi. Kuma hanyar gabashin Sakkwato ba kamar da take ba, 'yan bindiga sun addabi yankunan Goronyo da Rabah da Isa da Sabon Birni da ƙauyukan Wurno, har sun kai hari kasuwar Goronyo a 2021 rayuka da dama suka salwanta. Yau ba zan yarda 'yata ta yi irin tafiyar nan ba. Mu dage da addu'a Allah ya dawo mana da zaman lafiya.

To ƙanwata ta Mabera, ban ce kowane mai keke nagari ne ba, ban kuma ce mai mota mugu ne ba. Akwai mai keke mai baƙin hali, akwai mai mota mai tsoron Allah. Abin da nake so ki duba shi ne, ya kowannensu yake in abu ya ɓaci? Ya yake da mahaifiyarsa? In kin yi masa laifi, me ke fara fitowa daga bakinsa? Sa yayyenki maza su bincika miki a unguwarsu da wajen aikinsa. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ƙawayen da ke miki dariya kuwa, ranar da taya ta sace ba za ki ga ko ɗaya a gindin bagaruwa ba.

Yau muna da mota, alhamdu lillahi, amma Ralin nan yana rataye a zaure. Masu gwangwan sun taya ya fi sau nawa, na ce ko Malam ya yarda ni ban yarda ba. Har yanzu bai taɓa tuna mini maganar da na yi a hanyar Achida ba, ni ce dai ban manta ba.

Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Anti