WA ZAI RUBUTA WA ƘANNENMU LITTAFI?

A farkon zangon karatun bana na shiga aji ɗaya da kwalin littattafan da wasu bayin Allah suka aiko mana kyauta daga ƙasar waje. Mun gode musu ƙwarai. Amma da wata yarinya ta buɗe nata, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wannan farin abin da ya rufe gidan, auduga ce?" Ƙanƙara ce irin ta ƙasar Turai. Yarinyar nan ta san gero da dawa da gyaɗa, ta san yadda ake kai taki gona a mangala bisa jaki, amma ko ɗaya daga cikinsu babu a littafin. Kafin a tashi ta rufe shi ta ajiye.

Ba laifi ba ne yaro ya san ƙasashen wasu. Amma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma yaro ya fi saurin kama karatu idan ya fara da harshen da aka yi masa tatsuniya da shi.

Magabatanmu sun gane haka. A 1933 aka yi gasar rubuta labarai a ƙarƙashin Rupert East a Zariya, inda aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. A 1937 Magana Jari Ce ya fara fitowa, kuma 'yan makaranta aka nufa da shi. Bayan an kafa kamfanin NNPC a Zariya a 1966, Umaru Dembo ya fito da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. Shi kuma Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da wasannin dandali cikin littattafai shida, Tatsuniyoyi da Wasanni. Da waɗannan yawancinmu malamai muka buɗe ido.

To, ina magadansu? Marubuta ba su ƙare ba. Tun shekarun 1980 Kano ta cika da masu rubuta littattafan Hausa, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, amma manya suka fi rubuta wa, domin manya ne ke saye. Littafin yara kuwa yana bukatar zane, da launi, da takarda mai ƙwari, duk kuɗi ne. Idan marubuci ya sha wannan wahala, sai makaranta ta sayi guda ɗaya ta kai a yi mata hoton kwafi arba'in, me ya samu? Mun ci guminsa, kuma mun san lebura ya cancanci ladansa. Mu ne muka kashe kasuwar, ba wani ba.

Saboda haka ga shawarata. Na farko, iyaye, ranar kasuwar Bichi ko Ɗambatta, bayan an sayar da amfanin gona, a ware kuɗin kwano ɗaya na gyaɗa domin littafin Hausa na yaro. Na biyu, a lokacin godiyar girbi, kowace ikilisiya ta saya wa makarantar Lahadi 'yan littattafai, na ainihi, ba na kwafi ba. Na uku, mu malamai mu riƙa gayyatar marubuta su zo su karanta wa yara, su gan su ido da ido.

Ku kuma ɗalibai, musamman masu barinmu bana, aikin hutu ya same ku. Kowa ya zauna gaban kakarsa da alƙalami, ya rubuto tatsuniya ɗaya yadda ta faɗe ta, mai iya zane ya yi mata hoto. Duk tsohuwar da aka binne, da tatsuniyoyinta ake binne ta. Abubakar Imam ma malamin makaranta ne a Katsina, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja. Wa ya sani ko magajinsa yana cikin hoton 'yan aji shida na wannan mujalla?

Allah ya ba mu ikon yi, amin.